Wasan da Ke Jiran Yaya

Yayana dillalin shanu ne, kuma jarinsa kaf a bakinsa yake. Kafin ya kwanta ciwo, in ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa a kara, sai ya yi wa wannan Hausa, ya juya ya yi wa wancan yaren Fon, ya rufe da Faransanci, kafin su ankara ya haɗa hannuwansu an yi ciniki. A gidanmu na unguwar Zongo a Kwatano mu biyu muka rage. Iyayenmu sun rasu, matarsa ta bi su ba ta bar ɗa ba, ni kuma aurena ya mutu na dawo ɗakin da aka haife ni. Amma muddin yana gida ba ka cewa mutum biyu ne a ciki, don shi kaɗai ya isa taro.

Wata safiya ya sunkuya zai yi alwala, buta ta kuɓuce masa. Hawan jini ne, in ji likita, ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, hannun bai dawo ba. Hankalinsa sarai yake, maganar ma tana nan, sai dai kalma takan tsaya masa a hanya. In ka tambaye shi abu, sai ka ga amsar ta taso a idonsa, ta sauko leɓe, ta tsaya. In an bar shi zai faɗa. To, a Kwatano ba a barin mutum. Ko ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, in kika tsaya gyara ɗankwali kafin ki hau, ya riga ya ɗauki wata ya wuce.

Abin da ya fi cutar da shi kuwa gaisuwarmu ce. Mu a Zongo jero ta ake yi: ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya gida, yaya ƙoƙari, mai amsa yana jefa "lafiya lau" a tsakani, ba wanda yake jiran wani ya gama. Ga mai lafiya abin daɗi ne. Ga Yaya, kafin ya haɗa "lafiya" ta farko an yi masa nisa. Sai mai dubiya ya amsa wa kansa, "Da sauƙi ko? To, alhamdu lillahi." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yana dai cin abinci?" kamar mai cin abincin ba ya wurin. Ba mugunta ba ce, na sani. Gani suke yi suna ɗauke masa wahala ne. Ko sallama ni nake amsawa daga madafi, don kada baƙo ya daɗe a tsaye.

A hankali Yaya ya daina ƙoƙari. In an gaishe shi sai ya ɗaga hannun hagu kawai. Masu zuwa kuma suka soma raguwa, don ba wanda yake son zama da wanda ba ya tanka masa. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ma tana gajiya. Mutum ɗaya ne ya rage, amininsa, wani falken shanu ɗan arewa, ƙato mai babbar murya. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo. Bawan Allah tsoron shiru yake kamar me, don haka daga shigowarsa har fitarsa surutu yake, ya yi tambaya ya ba da amsa, ya yi barkwanci ya yi wa kansa dariya. Na lura zaman nasa yana gajarcewa. Abin da nake tsoro ke nan, ranar da shi ma zai daina zuwa, Yaya ya rage ba shi da kowa a duniya sai ni.

Wasan ya shigo ne ta wata tsohuwar kwamfuta da Yaya ya saya a kasuwar Dantokpa tun yana da lafiya. Shi da aminin nasa mayun wasan ƙwallo na kwamfuta ne, manya da su, har wani shago suke zuwa a unguwar Agontinkon suna gasa da samari. Mai sayar da kwamfutar ya cika masa ita da wasanni, ciki har da na wasu jarumai masu ƙarfin da ya wuce na mutane, da matsattsun kaya da alkyabba. Na tuna ranar da ya fara gwada shi. Bai yi nisa ba ya rufe, ya ja tsaki, ya ce wannan wasan ragwaye ne, ina aka taɓa ganin jarumi yana jiran a ba shi izini kafin ya kai duka.

Wata rana da la'asar na dawo daga rumfar atamfata na same shi ya ɗora kwamfutar a kan teburin mahaifiyarmu, yana jan linzaminta da hannun hagu. Na tsaya bayansa ina kallo. Filin yaƙin an yanka shi gida-gida kamar na dara. Kai za ka matsar da naka jaruman, ka zaɓa wa kowa abin da zai yi, in ka gama ka danna, sannan maƙiya su yi nasu. In ba ka danna ba, ba wanda zai motsa. Wani dodo mai kai kamar turmi ya ɗaga guduma a kan wata jaruma mai jan gashi, ya tsaya haka nan yana huci. Na ce, "Yaya, zai kashe ta fa." Bai ko kalle ni ba. Na je na ɗora tukunya, na yi salla, na dawo, dodon yana nan da gudumarsa a sama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan an gama yaƙi. Jaruman sukan koma wani babban gida su zauna hira. Ɗaya zai zo ya tsaya gabanka ya yi maka tambaya, amsoshi su fito a rubuce, ka zaɓa. Akwai wani tsoho a cikinsu mai sanda da ke tsaga ƙasa, shi Yaya ya fi so. Sai tsohon ya yi tambayarsa ya tsaya, yana ƙifta ido, ba ya duba waje, ba ya gyaran murya. Yaya yakan daɗe yana kallonsa, leɓensa yana motsi. Daga baya na gane faɗar amsar yake yi da baki tukuna, sannan ya danna.

Ni ban iya wasan ba, har yau ban iya ba. Aikina a ciki karatu ne. Na yi lekol, wato makarantar boko, Faransancina ya fi nasa, don haka nakan buɗe wayata in karanta masa ra'ayoyin masu wasan daga ƙasashe daban-daban. Mutane dai ba a iya musu. Wasu sun ce yaƙin akwai dabara, ya fi duk wanda suka sani. Wasu sun ce surutun jaruman ya yi yawa, su sun zo faɗa ne ba hira ba. Wani kuma ya yi ta mita a kan jinkiri, wai har barci ya ɗauke shi yana jiran maƙiya su gama nasu. In na karanta na masu yabo sai Yaya ya gyaɗa kai kamar alƙali. In na zo kan masu kuka da jinkiri sai ya yi wata dariya ta gefen baki, ita ce dariyar farko da na ji ya yi tun da ya kwanta. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ni nake wanke masa kaya, ni nake tuƙa masa tuwo, amma da tsohon cikin kwamfuta yake hira. Gidan ya yi mini faɗi a kwanakin nan. Sai in zauna a bakin ƙofa ina tsince wake, ina jin ƙarar linzami daga ɗakinsa da hayaniyar Zongo daga waje, ba wadda take tawa.

Juma'ar da aminin nasa ya tarar da shi yana wasan, ina nan a ɗakin, na kawo musu shayi. Ya leƙa ya gani, ya tuntsire da dariya.

"Mutumina, wannan abin ka koma wa? Ba kai ka ce wasan ragwaye ne ba? Dubi ƙatti sun yi cirko-cirko kamar ragunan layya. Da ni ne ai da tuni na rufe shi da duka. Ko ba haka ba? Haka ne mana. Bon, bari in kawo maka na ƙwallo a sa maka a ordinater ɗin, ko da hannu ɗaya ne ka ɗan motsa jini."

Na ga amsa ta taso a idon Yaya. Ya daɗe bai bar ta ta taso gaban baƙo ba. Ya saki linzamin, ya buɗe baki.

"Shi..." in ji Yaya.

"Shi ne ya fi sauƙi, na gane," in ji aminin. "Ai dole, tunda hannun..."

"Malam," na ce, "sha shayinka."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na tura masa kofin a hannu, shayin kuwa da zafinsa. Ya kalle ni, ya kai kofin baki don ya rasa abin yi. Ɗakin ya yi tsit. Ana jin mai gawayi tana talla a layi, ana jin fanka tana juyawa. Na ga ƙafar mutumin tana rawa, shirun yana cinsa, amma bakinsa a cike yake.

"Shi," in ji Yaya, ya nuna tsohon mai sanda da haɓa. Ya huta. Ya sake tattaro ƙarfi. "Yana... jira... na."

Shi ke nan ra'ayin Yaya a kan wasan. Na karanta na mutane da yawa, masu tsawo da masu ado, ban ga wanda ya kai shi ba. Aminin ya ajiye kofin a hankali. Ya dubi kwamfutar, ya dubi abokinsa, sai ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Bai ƙara cewa komai ba sai "Allah ya ƙara sauƙi," ya tashi ya fita ko rakiya bai jira ba.

Makon nan ban yi ciniki da hankalina ba. Na ce a raina, shi ke nan, garin gyaran gira na tsone ido. Na kunyata babban mutum a gidanmu, na kori mutum ɗaya da ya rage.  Amma ranar Juma'a da safe Yaya ya nuna mini farar rigarsa in goge masa, kamar yadda yake yi kullum, na goge ta, zuciyata tana zafi.

Aka sauko masallaci, lokacin zuwan aminin ya yi ya wuce. Ruwa ya tsuge, irin na Kwatano da ke cika layi kafin ka kwashe shanya. Ina madafi na ji muryarsa a ƙofar ɗakin Yaya.

"Salamu alaikum."

Bakina ya riga ya buɗe zan amsa, don na saba. Sai na leƙo na gan shi. Yana tsaye a waje, labule a gabansa, ruwan indararo yana zuba a kafaɗarsa. Bai ɗaga labulen ba, bai waiwayo ya neme ni ba, bai sake sallamar ba. Ya harɗe hannu a baya yana kallon ƙasa. Na rufe bakina da bayan hannu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya.

Can daga ciki muryar ta fito, a hankali, gaɓa-gaɓa.

"Wa... alaikumus... salam."

Sannan ya cire takalmi ya shiga. Na ji ya ce, "Ina wuni?" ya yi shiru. Ranar nan gaisuwa kaɗai ta cinye musu har la'asar, ni kuwa na ƙona miya ina kuka a kanta.

Damina ɗaya suka samu a haka. Aminin bai taɓa son wasan ba, har ya bar garin yana cewa ragunan layya ne, Yaya kuma yana mayar masa da martani, ana jiransa har ya gama. Daga baya mahaifin aminin ya tsufa, aka kira shi arewa ya riƙe garke, ya tafi. Yakan bugo waya, amma waya ba ta san jira ba. In shiru ya yi tsawo sai ya ɗauka layin ya yanke, ya yi ta "alo, alo," har Yaya ya miƙo mini wayar.

Yanzu mun koma mu biyu. Yaya ya gama wasan, ya sake faro shi daga farko, tsohon mai sanda yana yi masa tambayoyin da ya riga ya san amsarsu. Ranar Juma'a har yanzu yana nuna mini farar rigar in goge. Ni kuma in an sauko masallaci nakan wanke hannuna, in yafa mayafi kamar baƙuwa, in je ƙofar ɗakinsa in yi sallama, in tsaya.