Bokitin Isiyaku

Da aka ce mini Isiyaku, direban tankar dizal ɗin nan na unguwar Badi'a, tsohon sojan ruwa ne, ban yarda ba. Na yi shekaru ina karatu a garin bakin teku kafin in dawo Riyad, na san tafiyar matuƙa jirgin ruwa. Wannan kuwa dattijo ne mai ɗingishi, kullum fuska a murtuke. Sai da ya nuna mini hoton jirgin.

Shekara goma sha tara Isiyaku ya yi a jirgin dakon mai na rundunar ruwa. Gwanjon jirgin aka sayo, ya riga ya sha jiki. Aikinsa ya bi jiragen yaƙi, ya jera da su a tsakiyar teku, a miƙa tiyo a shayar da su. Ko harsashi ɗaya bai taɓa harbawa ba. Mutanen jiragen yaƙi suna kiransu 'yan ga-ruwa, har yau Isiyaku bai yafe ba. Ranar da aka ja jirgin zuwa wurin masu yankan ƙarfe, ko faretin bankwana ba a yi masa ba.

Doka ɗaya ya fito da ita daga jirgin: kafin a buɗe mai, kowa ya zazzage aljihunsa, ashana da sigari su shiga bokiti. Bokitin na nan rataye a tankarsa. Leburorin wuraren gini sun tsane shi, shi ma bai ɓoye tasa ƙiyayyar ba. Laouali, mutumin Maraɗi da ke riƙe masa tiyo, yakan ce, "Baba Kyaftin, nan fa hamada ce, ko kifi babu."

Saura wata biyu iƙamar Isiyaku, takardar zama, ta ƙare, sai ƙanen kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya zo duba janareton da za a zuba wa mai, da sigari a baki. Isiyaku ya miƙa masa bokiti. Mutumin ya hura masa hayaƙi a fuska, ya ce yalla, maza a zuba. Laouali ya raɗa wa Isiyaku ya tuna da iƙama. Isiyaku ya fizge sigarin daga leɓen mutumin, ya murje shi a tafin hannunsa, sannan ya buɗe mai.

Kafili ya ƙi sabunta takardar. Na sami Isiyaku yana ɗaure kayan komawa gida, na tambaye shi ko bai yi nadama ba.

"Na yi," in ji shi. "Tun a ƙofa ya kamata in tare shi. Da a jirgi ne, ko kusa da tiyo ba zai zo ba."