Ledar da ta raba Ilu da kawunsa

Ilu ya rasu ranar wata Talata, ciwon hanta ne ajalinsa. Tun ranar kowa ke ce mini in yi haƙuri. Na haƙura da mutuwa, ita ba ta da laifi. Abin da danginsa suka yi masa ne har yau ya tsaya mini a wuya.

Tare muka tashi a Ɗanzomo. Maraya ne, ƙanin mahaifiyarsa Kawu Manu ya riƙe shi, shi ne kuma ya kai shi Kano da ƙafarsa ya koyi aikin kashe gobara. Ba irin na motar ruwa ba. Akwai ɗakunan da ruwa zai fi wuta yi wa ɓarna, kamar ɗakin kwamfutocin banki da ɗakin sanyin da ake ajiye alluran rigakafi. A can ake girke jajayen tukwanen gas, a maƙala wata 'yar na'ura a silin. Da ta shinshino hayaƙi sai jiniya ta tashi, gas ya feso ya shaƙe wutar. Amma sai ƙofa na rufe ruf, hancin na'urar kuma na buɗe. Kula da waɗannan ne abincin Ilu. Ni ke kai shi a adaidaita sahuna, daga Gumel zuwa Maigatari har Gagarawa Tasha, ina riƙe masa tsani.

Ba inda ake murnar ganinsa. Yana shiga zai ture dutsen da aka tokare ƙofa da shi, ya fito da gorar zoɓon da wani ya ɓoye a bayan tukunya.

Sai ka ji ma'aikatan wurin na cewa, "Ga Sarkin Gobara nan! Ilu, yau ma dai ba ta tashi ba?"

Sai ya yi murmushi ya hau tsaninsa. Ni nake jin zafin a madadinsa.

Da ƙarfin Kawu Manu ya gaza a gona, Ilu ya nema masa gadi a wani ɗakin ajiyar rigakafi a nan Gumel. Kawu mutum ne na shayi, irin na mutanen Damagaram, a kan 'yar tukunyar gawayi. Lokacin bazara ya gano in ya ɗan buɗe ƙofar ɗakin, sanyi na fitowa. Sai ya mai da bakin ƙofar majalisa. Da hayaƙin gawayi ya fara tayar da jiniya, ya hau kujera ya ɗaure wa na'urar baƙar leda.

Ilu ya cire, ya durƙusa ya yi masa bayani. Muka dawo, leda ta koma. Ya sake cirewa, har ya sayo masa fanka. Muka sake dawowa, ga leda, ga abokan shayi a kan tabarma.

"Kawu, don girman Allah. Allurar 'ya'yan mutane ce a ciki."

"Kai Ilu, da hannun nan na wanke maka kashi. Yau ni za ka koya wa zama da wuta? Na girmi tukunyar taka da wanda ya ƙera ta."

Abokan suka tuntsire da dariya. Ilu ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya shiga wurin shugabar wajen, Hajiya Rayhana. Roƙonsa a mai da Kawu babban get, nesa da ɗakin. Ita kuwa da ta fito ta ga ledar da idonta, sai ta sallami tsohon gaba ɗaya.

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Ilu ya ci amana, ya tozarta wanda ya raine shi saboda tukunyar Nasara. Ko da an yi gobarar ma da sauƙi, in ji su, amma ko ƙyalle bai ƙone ba. Aka yi suna ba a gaya masa ba. Matarsa Naja'atu ta je biki, aka bar ta ita kaɗai a tabarma. Duk sallah sai ya sa na kai shi ƙofar Kawu, ya yi ta sallama, a aiko a ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a zaure.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Usaini, je ka ce masa ban ce na yi daidai ba. Ya dai yafe mini."

Na je. Kawu na fifita gawayi, bai ɗago ba. Ya ce, "Ka ce masa tukunyarsa ta yafe masa."

Na koma na ce wa Ilu ban same shi ba. Ya dube ni kawai, ya juya fuskarsa bango.

Ranar jana'iza Kawu ya zo, ya tsaya a sahun baya. Liman ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, har masu yi masa ba'a. Ni Kawu nake kallo, ina jira ko leɓensa zai motsa. Ya gyara hularsa, ya dubi ƙasa, aka ta da kabbara.

Allah ya jiƙanka, Ilu, abokina. Wanda ka durƙusa wa bai yafe ba, saura Wanda ba a komawa daga ƙofarsa hannu wofi.