Tauraruwar Bama a Wuyan 'Yata

Yau ina neman zare na buɗe gwangwanin marigayi surukina, sai ƙanshin toka da lemun tsami ya doke ni. Da su yake goge lambobinsa na soja duk Juma'a, a kan buzu, yana nuna mini. Ban yi boko ba, don haka da ƙyallen da ke jikinsu nake gane su. Mai ja a tsakiya da shuɗi a gefe ta yaƙin Bama ce, mai siffar tauraruwa, tasa ta kansa. Mai launin yashi ta yaƙin Habasha ce, wani ɗan Kiru ya bar masa.

Lokacin da 'yata take haƙori, kwana uku tana zawo, sai na ɗauke lambar Bama a ɓoye na ɗaura mata a wuya. A raina, abin da ya dawo da Baba da rai zai riƙe mini ita.

Da hantsi ya gani. Ya taɓa ƙarfen, ya taɓa maɗigarta da ta faɗa.

"'Yar nan, wannan ba laya ba ce. Sai da aka gama harbinmu aka ba mu ita. Ɗauko mayafinki."

"Baba, tsoron allurar asibiti nake."

"Ni da aka tsira wa allura sau goma, ba ga ni ina cinye miki tuwo ba?"

Shi ya saɓa ta har asibitin Tudun Wada, yana ɗingishi.

Ga ta can tana korar kaji. Shi kuwa damina biyu ke nan da rasuwarsa. Allah Ya sanyaya makwancinsa yadda jikinta ya sanyaya a kafaɗarsa a hanyar dawowa.