Yatsun Mai Wanki

Shekara ashirin da uku ke nan Mai Wanki yana haya a ɗakin da ke kallon nawa. Ya zo ƙasar nan da jaka ɗaya, bayan shekara huɗu ya aika aka kawo mai ɗakinsa. A nan aka haifi 'yarsu Auta, wadda ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe. Wankin wani otal yake yi, zanen gado da tawul, tun safe har la'asar hannunsa na cikin ruwan sabulu. Ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, sai dai da igiyar shanya.

Duk shekara biyu ake sabunta takardar zamansa, ta matar da ta 'yar kuma a jikin tasa suke rataye. Bana Auta tana ajin ƙarshe, kuma ba a barin marar takarda ya zauna jarrabawa. Wata biyu ya rage a rufe rajista.

Sai ga sabuwar doka: ban da hoto, sai an ɗauki zanen yatsu. Ya ce in raka shi ofishin sabunta takarda, tunda ni na iya zaman layi. Da aka kira lambarsa, ma'aikaciyar ta nuna masa wani ɗan gilashi. Ya ɗora yatsa, wuta ta kawo ja. Ta ce ya goge a riga. Ja. Ta ce ya hura masa iska. Ja. Ta juya tafin hannunsa, sumul kamar bayan cokali.

"Baba, ina zanen yatsunka?"

"Ranki ya daɗe, yana jikin tawul ɗin mutane."

Ta ce ya yi mako uku bai taɓa sabulu ba, ya dawo da wasiƙar wurin aiki mai nuna bai yi fashin aiki ba.

"To in ajiye aikin?"

"In ka ajiye, takarda ba ta fita."

"In ci gaba?"

"In ka ci gaba, zane ba ya fita."

Ya ce, "To, na gode," muka taho.

Manajan otal ya ce shi tawul ya sani, bai san hannu ba. Saboda haka mai ɗakin ta riƙa bin sa wurin aiki tana wankin, shi yana tsaye a kanta, hannu cikin safa an shafe da mai, yana cewa ba haka ake matsa ba. Takan ɗago ta ce, "Sannu da ƙoƙari, amarya. A kawo miki kujera?"

Mako uku ya cika, muka koma mu huɗu. Ya ɗora yatsa, wuta ta kawo kore. Auta ma kore. Sai ma'aikaciyar ta ce, "Saura Mama."

Ja.

Fatar yatsunta duk ta saɓule, don hannunta bai saba da maganin cire dattin otal ba. Ta kalli mijin, shi kuwa ya kalli fanka.

Ma'aikaciyar ta daɗe tana buɗe wani littafi, sannan ta ce takardar 'ya ta uba take bi, ba ta uwa ba. Ta buga hatimi biyu, ta ba Mama wata 'yar takarda ta mako uku. Washegari Auta ta yi rajista.

Yanzu mai ɗakin ce ke zaune da safa a hannu, shi kuma ya koma ruwa, zanen yatsun da ya tara har ya fara tafiya. Shekaranjiya ya zauna kusa da ni a bakin ƙofa, ya ce shekara biyu kamar gobe ce.

"Baba, kai dai ɗan ƙasa ne, ba a neman yatsanka, ko?"

Na ce haka ne.

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya tambaye ni ko na iya matsa tawul.