Tela da Takalmin Gyaran Auta

Duk layin da sunan Tela aka san ta. Shagonta ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. 'Ya'ya huɗu ta haifa, ukun farko suka tashi garau. Auta ce ta zo da ƙafafu masu juyawa ciki. In tana tafiya yatsun kallon juna suke yi, ƙafa ta harɗe ƙafa, sai ga ta a ƙasa.

A asibiti likita ya kwantar da yarinyar, ya jujjuya cinyarta, ya ce ƙashin ne ya ɗan murɗe. "Wasu yaran da kansa yake daidaita. Mu gwada takalmin gyara, amma ban yi miki alkawari ba."

Takalmin ya zo da ɗamara a ƙugu, da wasu igiyoyin ƙarfe biyu da suka sauka har idon sawu. Ranar da aka ɗaura mata, Auta ta tsaya ƙiƙam, ta ce, "Umma, laifin me na yi?"

Tela ta hau keke ta lulluɓe ɗamarar da yadi mai laushi, ta ɗinka mata wando mai faɗi don kada yaran makaranta su gani. Sai da suka gani, har da sa mata suna: Mai Sarƙa.

Mijinta, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya tarar fatar ƙugun yarinyar ta saɓule.

"Haba, ke ko tausayi babu? Yarinya ce ko kayan lodi?"

"In na cire ta girma a haka, ni za ta tuhuma ko kai?"

Ya ɗauki Auta ya fita da ita.

Bayan watanni likita ya sake dubawa. Ƙafar dama ta ɗan daidaita, ta hagu tana nan yadda take. Ya ce wa Tela a ci gaba ko a dakata, zaɓi nata ne.

Ta zaɓi ci gaba, ba don ta tabbata ba. Ta rame, masu kawo ɗinki sun fara ƙorafin tana karkata musu wuyan riga. Kullum da safe takan durƙusa ta ɗaura ɗamarar. Auta ta daina kuka, hannu kawai take ɗagawa ta kau da kai. Tela ta gaya wa ƙanwarta cewa ta gwammace kukan.