Ba Awon Jini Ya Kawo Shi Ba

Ranar kasuwar shanu a garin Roscommon, ma'aikaciyar jinya takan zauna a ɗan ɗaki kusa da wurin gwanjo. Mu maza muna da dabara: mai shiga yakan naɗe hannun riga tun daga nesa, don a ce awon jini zai yi, ko da wata damuwa ce ta kawo shi.

Ga wani dattijo can, ban san shi ba. Ƙato ne, takalmansa duk kashin shanu, yana ta murza hularsa. Sau uku yana isa ƙofar yana juyawa. Ina jin shi kaɗai yake zaune, don da igiyar ɗaurin ciyawa ya ɗaure kwat ɗinsa.

Wani dillali ya hango shi. "Malachy! Tsufa ya yi sallama ke nan? Jini ya hau?"

An ba dattijon mafita, amma bai bi ta ba.

"Jinina lafiya lau, Fintan. Damuwa ce ke cina. Tun rasuwar matata, in na hau tarakta sai kuka."

Malachy ya juya wajen ƙofar. Ya ƙwanƙwasa, ya shiga, hannun rigarsa a sauke.

Fintan ya daɗe yana kallon ƙofar. Can sai ya zauna a bencin masu jira.