Katin Arlen a Teburin Marlys

Shekara talatin da ɗaya Marlys, 'yar baffanmu, ta yi tana buga takardun likitoci a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da garin Duluth a Amurka. Likita ya faɗa, ita ta buga, har yatsunta suka lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Da ta yi ritaya ba ta fito da komai ba sai ciwon wuya da kwalin takalmi cike da sunayen hauka, duk masu ƙarewa da "mania". Na rantse sun fi gashin kanta yawa.

Duk shekara a liyafar godiya ta Nuwamba, maimakon ta rubuta sunan mutum a katin gaban farantinsa, sai ta rubuta masa ciwonsa. Goggo Bernice, mai zura cokulan gidan abinci a jaka, ta sami kleptomania, haukan ɗauke-ɗauke. Vern mijin Marlys, da ya ƙone rumfar mota garin soya talotalo, pyromania, haukan cinna wuta. Kowa ya nemi kujerarsa ana dariya.

Ban da Arlen, ƙanen Marlys. Shi wata shekara dipsomania ta ba shi, haukan kwalba. Ya karanta, ya sa katin a aljihu, ya ɗauki hularsa. Shekara tara bai sake taka gidan ba.

Bana ya aiko cewa zai zo. Marlys ta wuni a tsaye bakin murhu, gwiwoyi na kuka, sannan ta zazzage kwalin nan kaf. Babu kalmar da ba za ta sake korar shi ba. Ta gaji, ta rubuta "Arlen" kawai.

Ya iso a rame, furfura ta cinye kai. Ya zagaya teburin sau biyu kafin ya ga katin, ya juya bayan katin, wayam.

"Yaya, ni kaɗai ne mai hankali a gidan nan, ko an cire ni daga dangi ne?"

"Zauna, dankali na hucewa."

Bai zauna ba. Ya zaro tsohon katin daga walat, duk ya tsufa ya yi laushi kamar tsumma. Ya ce shekararsa shida rabonsa da giya. Duk ranar da ƙishin ya taso, katin yake dubawa, ya zage ta, ya mayar.

Marlys ta nuna masa kujerarsa.

"To jingina shi a farantinka. Kowa da nasa."

Ta tura masa kwanon romo, ta ja kujera ta zauna, karon farko tun safe.